Kwalbar Maganin Tari

Shekara tara ina gwajin jini da fitsari a wani ɗakin gwaji da ke bayan tashar Wudil, amma ranar Litinin ɗin nan na yi sakacin da har yau nake jin haushin kaina.

Wani dattijo daga Lajawa, Malam Lawan, ya shigo da ɗansa Garzali, direban motarsa. Mutanen gari sun cika masa kunne wai yaron yana shan ƙwaya, don kullum idonsa jajur yake.

"'Yata, a gwada mini shi," in ji shi. "In ya fita, ga mukullin motarsa. In bai fita ba, yau zai bar mini gida."

Na ba Garzali kofin roba ya shiga bayi. Abin gwajin namu ba wuya: layi biyu lafiya lau, layi ɗaya akwai ƙwaya. Na tsoma, na jira, layi ɗaya ya fito. Na rubuta na miƙa. Dattijon ya ninke takardar ya fita. Garzali kuwa ya zauna a benci yana ta rantsuwa, ni kuma na sha jin irinta.

Sai da na ɗauki kofin zan zubar na ji shi da sanyi. Fitsarin da aka yi yanzu ai da ɗumi yake zuwa. Tun farko ya kamata in taɓa, ban taɓa ba.

"Garzali, wannan fitsarin na yaushe ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na asuba ne, Malama. Azumi nake yi, na san da zafin nan ba zai zo ba, kar Baba ya ce gudu nake. Shi ne na taho da shi na juye."

"A cikin me?"

Ya zaro wata kwalba daga aljihu. Ta maganin tarin innarsa ce, wai har ya ɗauraye ta sau ɗaya. Na buɗe murfin, ga ragowar maganin nan ya danƙare a jiki. Wallahi kamar in maka masa ita. Ɗan wannan kaɗai ya isa ya ruɗa abin gwajin.

Na bar ɗakin a buɗe na bi dattijon har tasha. Na same shi ya riga ya shiga motar Lajawa.

"Baba, ku sauko, gwajin nan bai yi ba."

"Takarda ba ta ƙarya, 'yata."

"Ni na rubuta ta, ni kuma na ce ta yi ƙarya. Motar nan ba za ta tashi da ku ba."

Na tsaya a bakin ƙofa, kwandasta yana ta yi mini masifa, har dattijon ya gaji ya sauko.

Garzali ya ƙi karya azuminsa, ni ma na ƙi rufe ɗakin. Muka zauna mu uku har aka kira magariba. Da ya sha ruwa ya so ya shanye buta guda, na ƙwace, domin in ruwa ya yi yawa fitsarin zai tsinke, gwajin ya sake lalacewa. Wannan karon sai da na laluba aljihunsa, na kuma riƙe kofin na ji ɗuminsa.

Na ajiye abin gwajin a gaban dattijon don ya gani da idonsa. Layi ɗaya ya fito, sannan na biyu ya biyo shi.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora mukullin a kan tebur, sannan ya miƙa wa ɗansa waya.

"Tun a tasha na ce wa uwarka ta fitar da kayanka waje. Kira ta ka ce ta mayar, ni ba zan iya magana ba."