Tsohon Gola da Mamatan Bana

Manyan mutane uku suka rasu a garin cikin shekara guda: alƙaliyar babbar kotu, da likitan da ya buɗe ɗakin jinyar yara, da mawaƙin da har kakanni suka haddace waƙoƙinsa. Gidan rediyo ya shirya tunawa da su kai tsaye, aka ba wata sabuwar ma'aikaciya ta gabatar. Manaja bai ɓoye mata ba: in shirin ya lalace, za ta koma teburin sanarwar cigiya inda ta fito.

Mutum ɗaya ya rage da ya san mamatan duka, kuma mahaifinta ne, tsohon golan ƙungiyar gari. Ba mugu ba ne, amma yana da mummunan hali: duk zancen da aka ɗauko, a kansa yake ƙarewa.

Jar fitilar fara shiri ta kama. Ta ce, "Baba, a ba mu labarin alƙaliya."

"Allah Ya jiƙanta, mace mai gaskiya. Ranar da na kaɗe fanareti biyu tana layin gaba. Ta farko ta hagu aka bugo..."

"Likita fa, Baba?"

"Gwani! Shi ya ɗaure mini wannan yatsan. Kin san yadda ya karye? Ana ruwa, na yi tsalle..."

Ta cikin gilashi ta hango manaja ya dafe kai da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna teburin cigiya.

Ta ce, "Baba, mu nan wanda ya fi sanin mamaci muke kira. Allah Ya ƙara nisan kwana, amma in taku shekarar ta zo, Lamba Tara za mu gayyato."

Lamba Tara shi ne ɗan wasan da ya taɓa zura wa tsohon ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, kuma har yau bai gama ba da labarin ba.

"Wa? Wannan sarkin cika baki? Ai ƙwallon nan zai yi ta maimaitawa har lokaci ya ƙare! Sunana ma sai an tuna masa!"

"To, ashe ba haka ake yi ba, Baba?"

Tsoho ya kalli karkataccen yatsansa, ya mayar da hannun aljihu. Da ya buɗe baki, sai ka ce wani mutum ne daban. Ya faɗi yadda alƙaliya ta sa aka mayar wa wani attajiri firjin da ya aiko mata, ta hana ma a sauke shi daga mota. Ya ce likita a kan bencin baranda yake cin abincinsa, don kada uwa ta zo da ɗa a ce ya fita. Mawaƙi kuwa tela ne da farko, mai in'ina, sai in yana waƙa harshensa ke sakuwa. Kiran masu sauraro ya riƙa shigowa ba ƙaƙƙautawa. Manaja ya sauke hannu, ya aika a kawo wa baƙo lemo.

A bakin ƙofa tsohon ya kama hannun 'yarsa.

"Ke, maganar Lamba Tara, wasa kike ko?"

"Ƙa'idar gida ce, Baba."

"To in tawa shekarar ta zo, ki ce masa an ɗauke wuta."