Biskit ɗin da Baba Ya Saba Kushewa

Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: matar nan ba ta iya biskit ba. Shekara arba'in da ɗaya tana gasa shi duk ranar Asabar, ko sau ɗaya bai taɓa fitowa da kamannin abin da ɗan Adam zai ci ba. Gefensa baƙi ƙirin, ƙasansa kuwa sai an kankare da wuƙa. Maganar tauri kuma a bar ta kawai. Yaya, babban ɗansu, ya taɓa jifan ɓera da guda ɗaya, ɓeran bai sake tashi ba. Duk gidan an san haka, an kuma rufa mata asiri, ban da Baba, wanda bai taɓa rufa wa kowa asiri ba.

Baba tsohon duba-gari ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙa kicin ɗin gidajen abinci, yana buɗe tukwane, yana shafa yatsa a bayan kanta. Da ya yi ritaya, ƙafafunsa ne kawai suka huta, hancinsa da bakinsa suka ci gaba da aiki a gida ba albashi. Miya ta yi gishiri, shayi ya huce, tawul yana wari. Haka 'ya'yansa suka tashi.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ce ta zama mai yin kek da biskit na sayarwa. Ta yi makarantar abin, tana da takardar shaida a jikin bango, da sikeli mai auna ko giram ɗaya, da agogon kicin har guda uku. In aka tambaye ta me ya kai ta wannan sana'a, sai ta ce gado ta yi. Ƙarya ce. Haushin biskit ɗin uwarta ne ya kai ta.

Wata biyu da rasuwar Mama, Baba ya daina cin abinci. A kawo masa shinkafa, ya juya cokali sau biyu ya ture. A kawo romo, ya bar shi har mai ya daskare a sama. Abin da ya fi tayar wa Auta hankali ma shi ne ya daina kushe. Rannan da gangan ta zabga gishiri a miya don ta ji ta bakinsa, mutumin nan ya ɗanɗana ya ce, "Madalla." Ta shiga banɗaki ta yi kukanta.

Ranar Alhamis likita ya ɗora shi a kan sikeli, ya girgiza kai.

"Ku dawo da shi Litinin," in ji shi. "In ya sake raguwa ko da rabin kilo ne, kwantar da shi zan yi, mu sa masa robar abinci ta hanci. Ba zan zuba ido ina kallo ba."

A mota, kafin Auta ta tayar, Baba ya kama wuyan hannunta. Yatsunsa sun zama ƙashi zalla.

"Kada ki bari su kwantar da ni a can."

A can asibitin Mama ta cika, a gado na uku daga ƙofa. Auta ta ce, "Ba za su kwantar da kai ba, Baba, na yi maka alkawari." Sai da ta faɗa sannan ta tuna ba ita ke da sikelin ba.

"To me za ka iya ci? Don Allah ka faɗi ko mene ne."

Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Biskit ɗin Asabar."

Auta ta ji kamar an yi mata bushara. Biskit? Ai an zo gidan! Ta tono littafin girkin Mama daga ƙasan durowa, wani tsohon littafin rubutu da mai ya jiƙe shi har ana ganin bayan shafi. Ga abin da marigayiya ta bar wa duniya: "Fulawa kofi uku. Sukari kofi ɗaya. Bota, in akwai. Ƙwai biyu. A gasa." Shi ke nan. Babu zafin wuta, babu minti nawa. A gasa! Auta ta yi tsaki, ta nemi gafarar Allah saboda ta yi wa mamaciya tsaki, ta tafi gidanta ta gyara abin yadda ilimi ya ce. Biskit ya fito ja-ja-ja, mai garɗi, yana narkewa a baki. Ta jera a faranti ta kawo.

Baba ya gutsiri gefen ɗaya, ya ajiye. "An gode."

Mutumin da bai taɓa gode wa abinci ba tun da aka haife ta. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ranar Juma'a ta sauke girman kai. Ta shiga kicin ɗin Mama, ta auna da kofin Mama mai karyayyen hannu, ta kwaɓa a robar Mama, ta kunna tsohon obin ɗin gashi da maɓallinsa ya ɓalle tun tana firamare, wanda sai da filaya ake murɗa shi. Ta ja kujera ta zauna a gabansa da agogo a hannu. Minti goma sha huɗu cif ta fitar. Duk da rashin mutuncin obin ɗin, abin ya yi kyau, don hannun da ya iya ba ya ɓuya.

Baba ko taɓawa bai yi ba. "Sannu da ƙoƙari," ya ce, ya mai da kai jikin kujera.

Yaya ya bugo waya daga inda yake aiki, yana ba da shawarar a gwada ayaba da madara. Daga nesa kowa likita ne. Auta ta ce masa layin ba ya da kyau, ta kashe.

Asabar da hantsi sai ga Gwaggo, yayar Baba, da sandarta da jakarta. Ita da Mama sun shekara arba'in ba sa ga maciji, amma ranar rasuwar ita aka riƙa riƙewa. Ta leƙa ɗan'uwanta a falo, ta dawo kicin ta zauna, ta jawo farantin jiya. Sai da ta cinye bakwai sannan ta yi magana.

"Wannan ai biskit ɗin mutane ne. Wa kika yi wa?"

"Baba ne ya ce yana son irin na Mama."

"Shi ne kika yi masa mai daɗi? Ke dai an yi 'yar boko. Kin ga haƙorin nan nawa na gaba? Na roba ne. Tambayi dalili."

"Gwaggo, komai nata na bi. Kofinta, robarta, obin ɗinta. Lokaci ne kawai ba ta rubuta ba."

"Me za ta rubuta? Ina ce a gidan nan kika girma? Faɗa mini yadda take yi."

Auta ta ɗaga kafaɗa. Wannan ai kowa ya sani. Mama za ta tura tire a obin, ta fita bayan gida shanya ko hira da maƙwabciya ta kan katanga, ta manta. Sai ƙauri ya kai falo, Baba ya ƙwala mata kira, ta shigo da gudu tana salati. Ta tsaya a bakin wurin wanke-wanke tana kankare ƙasan biskit da wuƙa, shi kuma ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana karanta mata laifinta. Ta ce masa, "In ba ka ci, ajiye." Ya ci shida da shayi yana mita.

"Mantuwa dai," in ji Auta.

"Mantuwa!" Gwaggo ta buga sanda a ƙasa. "Matar da ko shinkafa ba ta taɓa kama mata ba? Mace ta yi mantuwa iri ɗaya sau dubu biyu, kuma kullum ranar Asabar? Na farkon kam mantuwa ce, ina nan aka yi. Ranar ce ta ga ƙanena ya taso daga kujera ya biyo ta har kicin, ya tsaya yana yi mata magana rabin awa. Ubanki bai iya hira ba, 'yar nan, faɗa kawai ya iya. Ita kuwa ta gano inda ake kunna shi. Shi ne agogonta. Ba ta fitar da tire sai ya yi kira."

Wato duk haushin da Auta ta ƙulla tun tana yarinya, da makaranta, da takardar jikin bango, a kan abin da uwarta ke yi da gangan ne. Kunya ta kama ta, sai kuma kewar Mama ta taso mata.

"Tashi ki kwaɓa," in ji Gwaggo. "Kuma ki miƙo mini agogon nan."

Bayan la'asar Auta ta tura tire, ta murɗa filaya, ta fita bayan gida. Gwaggo ta ja kujera ta toshe ƙofar kicin, ta gitta sanda a cinya.

Auta ba ta buƙatar agogo, hancinta ya san komai. Ƙamshin bota ya fara fitowa. Can sai ƙamshin ya cika, irin wanda ke cewa yanzu-yanzu a fitar. Ƙafafunta suka motsa da kansu.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo.

"Ya yi, Gwaggo. Wallahi ya yi."

"Ya yi wa wa? Koma."

Ta koma. Ta ɗauki tsumman goge-goge ta shanya, ta sauke, ta sake shanyawa. Ƙamshi ya juye ya zama ƙauri, ƙaurin ya yi ɗaci. Shekara goma sha biyu tana sana'a ba ta taɓa ƙona tire ba, yau ga ta tsaye tana sauraron bota mai tsada tana zama gawayi. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta ce lafiya? Gwaggo ta ce lafiya lau, magani ake haɗawa.

Daga falo shiru.

Hayaƙi ya fara silalowa ta taga, siriri, sannan ya yi kauri. Tsoro ya kama Auta sosai. In hancin ma ya mutu fa? In yana ji, amma ya daina damuwa ko gidan zai ƙone da shi a ciki? Jibi Litinin. Ta tuna gado na uku daga ƙofa, ta tuna yatsunsa a hannunta. Ta dubi Gwaggo, ta ga ita ma ta daina cika baki, leɓɓanta kawai ke motsi.

"Shugaba! Ke Shugaba! Wani abu na ƙonewa!"

Muryar ta dushe, amma tasa ce, ta dā, mai haushin nan. Shugaba yake kiran Mama tun kafin a haifi Yaya. Kiran ya fita, sai gidan ya yi tsit, don kowa ya ji wadda aka kira, har shi mai kiran.

Gwaggo ta janye sanda. Auta ta faɗa kicin, ta fizgo tire, hayaƙi ya turnuƙe ta. Biskit ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ta ɗauki wuƙa ta tsaya a bakin wurin wanke-wanke, ta juya wa ƙofa baya, ta fara kankara. Ƙar, ƙar, ƙar. Baƙin gari na zuba, hawayenta na bin sa.

Ta ji jan silifas a hankali, da hannu yana dafa bango. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ya ga fuskarta ba ta Mama ba ce, zai iya juyawa. Ta ci gaba da kankara. Ya daɗe a tsaye, har ta gama na biyar.

"Da ina bakin aiki," in ji Baba, "da yau na rufe kicin ɗin nan. Dubi hayaƙi. Dubi taga a rufe rabi. Mutum da hancinsa, a ce sai an kira shi daga falo?"

Saura nata. Amsar Mama ake jira. Gwaggo ta zungure ta da sanda a ƙugu.

"In ba ka ci," in ji Auta, "ajiye."

"Wa ya ce ba na ci? Ina shayi?"

Ya ci huɗu a nan tsaye, yana tsomawa a shayi don ya jiƙa, yana mita. Ya ce ɗaci kamar magani. Ya ce wanda ya sayar mata da takardar makarantar nan ya cuce ta. Ya ce shayin ma ya huce. Da ya zauna, sai ya tambaya ko akwai sauran shinkafar rana, don a ba shi abin da zai kashe wannan ɗaci a bakinsa. Ya ci rabin faranti, ya ce ta dahu da yawa. Auta ba ta taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Lahadi ma ta ƙona wani tiren, ba ta jira Asabar ba.

Ranar Litinin likita ya ɗora shi a sikeli, ya duba, ya sake dubawa. Bai ragu ba, har ya ɗan ƙara. Ya ce su je, su dawo bayan sati biyu. Baba ya nuna masa kwandon sharar ofishinsa da ba shi da murfi, ya tambaye shi ko haka aka koya musu.

"Me kika ba shi haka?" likita ya tambayi Auta.

"Biskit ne, na gida."

"To ki ci gaba. Da alama kin iya."

A mota, kafin ta tayar, Baba ya sake kama wuyan hannunta. Bai dube ta ba, titi yake kallo, idanunsa sun cika.

"Asabar ki bar shi ya ƙara daɗewa kaɗan," ya ce. "Nata ya fi wannan muni."