Ranar da Na Hana Vukota Komowa

Ranar Lahadi ce. Ina tsakar gida ina ɓare tattasan da na gasa, sai ga Radule ya shigo shi kaɗai. Shi ne kum ɗinmu, wanda ya tsaya mana shaida ranar aurenmu a coci. Hularsa na hannu ɗaya, jakar mijina Vukota na ɗaya hannun. Sai da yamma ake sa ran motarsu, ga shi rana ba ta daɗe da yin tsaka ba.

Na ce, "Kum, ina ka baro mini tsohon? Ko ya samu wata a can?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Stanka, wanke hannu ki zauna."

A tsaye na ji labarin. Sun kwana lafiya, da safe aka kai su babbar gadar nan ta kwazazzabon kogin Tara. Wasu suka tsaya a sama suna ɗaukar hoto, Vukota ya ce shi sai ya taɓa ruwan. Suka gangara har ƙasa, ya wanke fuska, ya sha, ya ce sanyinsa zai karya masa sauran haƙoran. A wajen hawowa ne ya zauna a kan dutse, ya ce, "Kum, ƙirjina." Ya shafa aljihu ɗaya bayan ɗaya, sai ya daina shafawa. Kafin a fito da shi sama ya cika.

Shekararsa sittin da takwas, tafiyar awa uku ce daga garinmu, amma bai taɓa ganin wurin ba. Da ƙungiyar 'yan fansho ta shirya tafiyar kwana ɗaya, shi ya fara rubuta suna. Ni na ƙi. Mota na juya mini kai, ga tattasai buhu biyu da zan dafa in zuba a kwalabe don hunturu.

Ya ce, "Wato tattasai ya fi ni."

Na ce, "Shi ba ya minshari."

Ranar Asabar da safe na sa masa burodi da cuku da busasshen nama a jaka. Ya sa sabon kwat ɗin da 'yarmu Zorka ta aiko masa. Ya wuce ƙofar shinge, mota na ta hon a kan kwana, sai ya juyo yana taɓa aljihu.

"Stanka, na manta da..."

Na ce, "Kada ka kuskura ka tako! Ka fita, ka fita ke nan. Wa ya taɓa komowa daga hanya ya ga alheri?"

Haka uwata ta koya mini, haka kowa yake yi a layinmu. Idan abin ya zama dole, sai a miƙa wa mutum ta kan shinge. Na san da wannan. Amma ban tambaye shi me ya manta ba. Na ɗauka tabarsa ce, wadda likita ya hana shi, har ina jin na yi wayo.

Radule ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Vukota, amarya ma ta fi ka saurin shiri!"

Ya dube ni, ya ce, "Ke da camfinki, tsohuwa." Ya ɗaga hannu ya tafi.

Da rana na ɗauki tsohon kwat ɗinsa zan rataye, na ji abu yana ƙara a aljihu. 'Yar kwalbar ƙwayoyin ciwon zuciya da yake sawa a ƙarƙashin harshe ce. Na ce a raina ya yi wata uku bai nema ba, kwana ɗaya ne. Lambar wayar Radule tana nan rubuce a gefen kalanda. Hannuna duk baƙin gasasshen tattasai, na ce bari in gama wannan kwanon. Na gama, na ɗauko wani.

Bayan an binne shi, Zorka ta yi ta kuka tana faɗa. "Baba da taurin kai! Sau nawa na ce masa kada ya fita ba maganin nan?" Maƙwabta suka ɗauka, kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ai Vukota dama ba ya jin magana. Ina zuba musu kofi ina gyaɗa kai. Mutumin da ya juyo don ya ɗauka, shi ake zagi, kuma ba shi da bakin kare kansa.

Radule ya ga komai ta tagar mota. Sau ɗaya ya ja ni gefe ya ce likitan can ya ce ko da ƙwayar, ba lallai ba ne ya tashi. Na ce, "Ba lallai ba, amma bai ce a'a ba."

Ranar addu'ar arba'in, muna wanke kofuna, Zorka ta sake farawa. Na ce, "Ki daina. Ubanki ya tuna. Ni na hana shi shigowa." Na gaya mata duka, har da lambar wayar.

Ta daɗe tana goge kofi ɗaya. Sannan ta ce, "Ni ma haka nake yi wa yarana, Mama." Washegari ta koma gidanta a birnin Podgorica. Tana kirana duk Lahadi, maganar ba ta da tsawo, amma ba ta sake cewa ubanta mai taurin kai ba ne.

Kullum da safe, in zan je sayen burodi, nakan fita har in wuce ƙofar shinge. Sai in juyo, in koma cikin ɗaki, in tsaya kaɗan, sannan in sake fita. Yau shekara biyu, ko tuntuɓe ban taɓa yi ba.