Ranar da Mutuwa Ta Ceci Wendell

Tun daga bakin ƙofa Darlene ta tsare masu gida da tambaya: kek ɗin nan akwai gyaɗa? Miyar fa? Mijinta Wendell ko ɗanɗana gyaɗa ya yi sai ya kumbura. Bikin Halowin ne, kowa ya yi shigar burtu, falo cike da mayu da aljanu.

Juya bayanta ke da wuya, gogan ya jefa alewa a baki, ashe mai gyaɗa ce. Nan take leɓɓansa suka yi suntum, numfashi ya sarƙe.

"Likita! Akwai likita?" Darlene ta ƙwala ihu.

Mutum uku masu farar rigar likita suka taso. Ɗaya makaniki, ɗaya dillalin motoci, na ukun ya ce, "Baiwar Allah, hayar rigar na yi."

Sai Mutuwa ta ratso taron cikin baƙar riga da fuskar ƙwarangwal, ta jingine laujenta, ta zaro allurar gaggawa ta Wendell daga jakar Darlene, ta caka masa a cinya, ta ce a kira motar asibiti. Ashe Lorraine ce, nas ɗin da ke maƙwabtaka da su.

Wendell ya buɗe ido, ya ga ƙwarangwal a kansa. "Tun yanzu?"

"Ni dai ba yau ba," in ji Mutuwa. "Amma dubi fuskar matarka."