Makullin da Kawu Ya Sa wa Kwamfuta

Tun kafin a sauke kwamfutar daga mota Injiniya ta share teburin ɗinkin Mama, ta ture keken gefe, ta jawo soket. Ba fa injiniyar gaske ba ce. Suna ne 'yan gida suka laƙaba mata tun tana 'yar mitsitsiya, mai kwance rediyo ta kasa mayarwa. Amma yau ta ci alwashin sai ta cika sunan nan. Wata makarantar koyon haɗa manhajar waya ta ce za ta ɗauke ta, da sharaɗin kafin ƙarfe biyar na yamma ta turo hoton manhajarta ta farko tana aiki a waya. Shekara biyu tana karatun abin a wayarta mai fasasshen gilashi, kwamfuta ce kawai babu.

Kawu, yayan Mama, wanda ya rufe shagonsa na intanet watan jiya, shi ya shigo da ita rungume kamar jaririya.

"'Yar nan, bi ta a hankali. Ta girme ki a aiki."

A goshin allon akwai wata tsohuwar takarda da aka manna: AJIYE AIKINKA A FILASHI. Injiniya ta tuntsire da dariya.

"Kawu, ai an wuce wannan zamanin!"

"To, Allah ya ba mu alheri," in ji shi, ya ja kujera ya zauna.

Ƙarfe goma ta fara sauke babbar manhajar da ake rubuta manhajoji da ita, da tarkacen da ke biye da ita, daga intanet. Koren layin nan mai nuna yawan abin da ya sauka ya dinga rarrafe, ita kuma ta kasa zama. Ta leƙa, ta yi tsalle, ta leƙa. Da Mama ta kira ta cin abinci, a tsaye ta ci, loma uku ta dawo. Wajen ƙarfe biyu komai ya sauka. Ta girka, ta danna "na yarda" har sau shida ba tare da ta karanta ko layi ɗaya ba. Wayyo daɗi! Ga filin rubutu baƙi wuluk, yana jiran yatsunta.

Sai kwamfuta ta nemi a kashe ta a sake kunnawa. Kawu yana tsakar gida suna hira da Mama. Ta danna.

Da allo ya dawo, wayam. Babu manhaja, babu abin da ta sauke, ko ƙyallinsu. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Aikin awa huɗu ya bi ruwa, agogo kuma ya ce biyu da rabi.

"Kawu! Ta cinye komai!"

Ya shigo yana gyara tabarau. "Kashe ta kika yi?"

"Ita ta ce a kashe ta!"

"Ai kuwa. Kwamfutar shago ce, akwai makulli a cikinta. Duk abin da kwastoma ya zuba, ana kashewa take wanke shi, ta koma yadda na bar ta."

Hawaye suka cika mata ido. Sake saukewa kaɗai awa huɗu ne, lissafi ba ya ƙarya. Haushi ya turnuƙe ta.

"Wane irin mugun abu ne wannan, Kawu? Wa ya sa ka?"

"Ke," ya ce. "Kina shekara tara kika cika min ita da wasanni da ƙwayoyin cuta, kwana uku shago a rufe. Ranar na sa makullin, kuma tun daga ranar ban buɗe wa kowa ba."

Kunya ta rufe ta. Shi kuwa ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya zaro wani filashin adana aikin kwamfuta da ya sha jiki, ɗaure da zare.

"Da kika tafi cin lomarki uku na kwashe abin da ya sauka, ragowar kuma bayan komai ya gama sauka, da kika ɗan fita waje. Shekara goma sha biyar ina yi wa kwastomomi haka, hannuna ya saba. An wuce zamanin, ko?"

Ihun da ta yi sai da Mama ta leƙo da ludayi a hannu.

Kawu ya danna wasu maɓallai uku a tare, wani ɗan akwati ya fito, ya rubuta kalmar sirri da saurin da ya sa ta buɗe baki. Makullin ya buɗe, suka sake girkawa daga filashi. Aka kashe, aka kunna, Injiniya ta runtse ido. Da ta buɗe, komai na nan daram!

Wayar bogi da ake gwada manhaja da ita a allon kwamfuta ta ƙi tashi, tsohuwar kwamfutar ba ta da ƙarfin ɗaukarta. Ba komai. Ta shiga saitin wayarta, ta ƙwanƙwasa lambar sigar sau bakwai, Kawu yana ƙirga mata da ƙarfi, har wayar ta yarda a gwada manhaja a kanta. Ta jona kebul, ta danna koren maɓalli. Fankar kwamfutar ta hau gurnani. Minti ɗaya, biyar, tara. Sai fasasshen gilashin ya yi fari, ga rubutunta ɓaro-ɓaro: "Ga ni na iso."

Biyar saura kwata hoton ya tafi. Ta rungume Mama, ta zagaya teburin sau biyu, ta dawo tana haki.

"Kawu, a mayar da makullin? Kar in sake ɓata maka ita."

Ya jawo linzamin kwamfutar, ya nemo makullin, ya goge shi gaba ɗaya daga kwamfutar. Sannan ya ajiye filashin a tafin hannunta, ya miƙe ya bar mata kujerar.

"Ɓata ta son ranki, Injiniya," ya ce. "Yanzu kin iya mayarwa."