Lambar da Ta Rage a Allo

Garinmu mutum ɗaya gare shi a tarihi, shi ma ashe ba mutuwa ya yi ba.

Lokacin da ramin kwal ke aiki, mai shiga zai karɓi fitila ya rataye lambarsa ta tagulla a allo, in ya fito ya mayar da fitila ya cire lambar. Ranar da ruwa ya ɓalle ya cika ramin kowa ya tsira, amma lamba ɗaya ta rage a allo, ta Dukhan Turi. Aka rufe ramin, aka ce ai tsayawa ya yi yana tura 'yan'uwa waje. Ba wanda ya gani, amma kafin shekara biyar mutum talatin sun rantse shi ya tura su. Aka sauya sunan garin daga Kendutola zuwa Dukhanpur, aka yi masa gunkin siminti da gashin bakin da bai taɓa mallaka ba. Matarsa Sohagi ta sa fararen kayan takaba, kullum da hantsi tana kai kwanon busasshiyar gurasa bakin ramin. Karnukan garin suka yi ƙiba.

Bayan shekara arba'in da ɗaya wani tsoho marar haƙori ya sauko daga bas a gaban rumfar shayina, ya ƙare wa gunkin kallo.

"Wane ne wannan mai hanci kamar murhu?"

"Gyara bakinka, Baba," na ce. "Dukhan ne, gwarzonmu."

"Ni kuwa ban taɓa kyau haka ba," in ji shi.

Ashe tun da safiyar ranar da ruwan ya ɓalle ya sulale ta ramin shan iska, ya bi wata mawaƙiya zuwa gonakin shayi can yankin Assam. Fitilar ma da ita ya tafi. Haushi ya kama ni, don mahaifina na cikin talatin ɗin nan.

Dagaci Baleshar ya zo a guje, rigarsa a bai-bai. "Baba, ka rufa mana asiri. Sunanka na jikin makaranta, yana jikin tasha. Ga bikinka saura mako guda, har an sayi awaki."

"Ni bikin me ya dame ni, ɗan nan? Ɗakina nake so in mutu a ciki."

Aka ce to, mai ɗakin ita za ta yanke. Sohagi ta fito tana dogara sanda, ta dube shi tun daga kai har ƙafa. 

"Ke, ni ne fa," ya ce.

"Mijina lambarsa na allo," ta ce. "Wanda lambarsa ke allo, yana ciki." Ta juya ta rufe ƙofa.

Dagaci ya yi ajiyar zuciya, aka ci gaba da shirin biki. Tsohon ya ja tsummansa ya tare a kangon ɗakin fitilu da ke bakin ramin. Duk haushina, ya ba ni tausayi.

Washegari da hantsi Sohagi ta zo wucewa da kwanonta kamar kullum. Ta ajiye a bencina tana gyara mayafi, ni kuma da shisshigi na ɗaga murfin. Ba gurasa. Shinkafa ce ta dahu luguf, an dama ta da wake kamar ta jariri, ga man shanu yana narkewa a kai.

"Inna, yau kuma?"

Ta fizge kwanon ba ta dube ni ba.

"Karnukan ne suka tsufa," ta ce. "Ba su da haƙori."