Rahoton Bakin Rijiya

Manhajar nan ta waya mai nuna burtali da rijiyoyi ba ta da mai ita. Duk mai so ya buɗe cikinta, ya gyara, ya ƙara. An raba aikin rukuni uku: masu rubuta manhajar, masu taswira, da masu gwaji. Doka ɗaya ce ta ɗaure kowa: a rubuta rahoton kowane taro a shafin aikin. Rukunin da ya yi wata uku shiru, a rushe shi.

Altine ta Kore Mairuwa ce ke riƙe da masu gwaji, makiyaya tara waɗanda ke bin burtali da shanu su ga inda taswira ta yi ƙarya. Taronsu ranar kasuwa ne, a bakin rijiya. Altine takan naɗi maganarsu a waya, ta kira masu taswira ta faɗa musu gyaran. Rubutu kuwa, ko layi ɗaya babu. A ganinta, abin da aka faɗa gaban dattawa ya zauna ke nan.

Sai ga saƙo daga Jalaluddeen, mai haɗa rukunonin a Dogon Dutsi, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba doka. Ranar Asabar za a rushe rukuninta, a ba 'yan lakkol, wato ɗaliban makaranta, gwajin. 'Yan lakkol da ba su taɓa bin saniya ba! Abin ya yi wa Altine ciwo ƙwarai.

Ranar Asabar ta shiga taksi zuwa Dogon Dutsi tare da ƙanen mahaifinta, Baffa Isa, babban makiyayan. Ɗakin taron ya cika, abokan aikin na Yamai suna saurare ta waya.

"Malama Altine, ba ƙin ku munka yi ba," in ji Jalaluddeen. "Amma wata ukku babu rapor. Mi kunka yi?"

Altine ta kunna waya. Muryar Baffa Isa ta fito tiryan-tiryan tana cewa burtalin yamma da Tibiri, yadda aka zana shi, cikin hatsin mutane ya ratsa. Sai wata murya, sai wata, kowace da ranarta.

Rumaisa'u, shugabar masu taswira, ta miƙe da kunya a fuska. "Gyara ashirin munka yi bana. Sha bakwai daga bakinsu sunka fito, ni ce na rubuta su da sunan rukunina."

Jalaluddeen ya sosa ƙeya, ya koma ga abin da ya fi iyawa, wato doka: ya kawo shawarar a karɓi murya a matsayin rahoto. Aka ɗaga hannu, nasa ne ma ya riga na kowa. Daɗi ya kusa sa Altine kuka.

Nan take aka ɗora muryoyin a shafi, kowace da sunan mai ita. Baffa Isa ya matso.

"Ɗiyata, yanzu har mutanen Yamai na ji na?"

"Har gaba da Yamai, Baffa."

Tsohon ya gyara zaman malfarsa, ya jawo wayar kusa da baki.

"To, buɗe sabon rapor. Rijiyar gabas ta ƙafe tun Talata."